An gwada matar yayana a wajen awo, shi ya ƙi zuwa, yanzu ita kaɗai ake zagi. Ina haƙƙinta?

Ummu_Hanan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema daga masu sani, ma'aikatan lafiya ko wanda ya san doka. Ba zan faɗi unguwa ba dan Kaduna duk girmanta kowa ya san kowa.

Matar yayana ce ke da ciki wata biyar, taje awo aka ɗebi jininta kamar yadda ake wa kowa sai aka ce tana da HIV, nas ɗin tace ta koma ta taho da mijinta. Baiwar Allah bata ɓoye ba a daren ta faɗa masa, shi kuma gari na wayewa ya kwashi maganar ya kai wa Hajiyarmu, kafin la'asar har dangin babanmu na Zariya sun ji. Yanzu an ware mata kofi da kwano, an hana yaran gidan shiga ɗakinta, ana ta shawarar a maida ta gidansu tun kafin ta haihu. Shi kuwa Yaya ya kafe ba inda zashi, wai shi garau yake ko ciwon kai baya yi kuma ba wanda ya isa ya tsira masa allura. Matarsa ta fari rasuwa tayi bayan doguwar jinya da aka yi ta cewa taifot ne, ta biyu sun rabu, wannan kuma tana gama sakandare aka ɗaura. Ni ban ce shi ya sa mata ba, Allah ne masani, jinina ne kuma ina sonsa, amma wlh abin yana cina ace mutum biyu shimfiɗarsu ɗaya, ɗaya aka gwada, kuma ita kaɗai aka yanke wa hukunci. Da nayi magana Hajiya tace in rufe mata baki ni yarinya ce.

Tambayata, me za'a yi wa cikin nan? Kuma tana da wani haƙƙi a doka ko sai yadda aka yi da ita? Sannan duk 1 ga Disamba muna ji a rediyo ana ranar kanjamau ta duniya, ayi ta cewa daidaito, haƙƙin mata, Majalisar Ɗinkin Duniya tace kaza, wai shin maganganun nan suna isowa ga mace irin wannan kuwa, ko a ɗakin taro na otal suke ƙarewa?

Ungozoma_KD

Wa alaikis salam Ummu Hanan, Allah ya saka miki da kika tsaya mata. Bari in fara da na gaggawa tukunna, rigimar gida ta jira.

Ki tabbatar ta fara shan magani, in ma an bata ta ajiye dan tashin hankali to ta ɗauko yau ɗin nan. Ƙwaya ɗaya ce a rana, TLD muke ce mata, kyauta ake bayarwa, kuma bata jiran sa hannun miji ko na uwar miji. Hukumar lafiya ta duniya WHO tace in ba'a yi komai ba cikin jarirai 100 da irin waɗannan iyayen zasu haifa 15 zuwa 45 na iya ɗauka, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono, amma in uwa na kan magani abin yana saukowa ƙasa da 5, wadda ta fara da wuri ta riƙe shi da kyau kuwa ya fi haka ƙasa nesa ba kusa ba. Wata biyar bata makara ba. Ta haihu a asibiti ba a gida ba, ana haihuwa za'a ba jaririn nasa maganin na ruwa, a sati 6 a ɗiga jininsa a takarda a gwada, a sake gwadawa bayan yaye. Nono zalla wata 6, ba ruwa ba madara ba jiƙon kaka, a nan ne ma zaki fi yi mata amfani dan kin san halin tsofaffinmu da jariri. Maganar kofi da kwano kuma ki faɗa wa Hajiya cikin ladabi ba'a ɗauka ta nan, ba ta buta ba, ba ta banɗaki ba, ba ta sauro ba.

To yanzu abin da ke cinki. Mu da muke wannan aikin mun san dalilin da yasa kullum mace ce ke fara bayyana, dalilin kuwa bai wuce ita ce ke zuwa asibiti ba. Ciki ya kawo ta awo, haihuwa ta kawo ta, rigakafin yara ya kawo ta. Namiji fa? Zai sauke ta a mashin a bakin get ya juya, in ya kyauta ya bata kuɗin kati. Akwai 'yar takardar gayyata da muke ba mata su kai wa maza, wata zata dawo awo na gaba ta buɗe jaka neman katinta ki hango takardar nan a ninke har ta yi laushi, bata iya miƙa masa ba. To wanda aka fara gwadawa shi ake ɗauka ya kawo cutar gida, alhali gwajin baya nuna wa ya riga wa. Mutum zai iya shekara 8 ko 10 da ita a jiki yana noma yana kasuwa ba abin da ke damunsa, dan haka "ko ciwon kai bana yi" ba hujja bace. Haka kuma adalci ne in faɗa miki yana iya zuwa a gwada shi a tarar bashi da ita, muna ganin ma'aurata haka da yawa, akwai waɗanda da ita aka haife su, akwai ta ƙarin jinin da ba'a tantance ba. Ko ma wanne ne sai ya zo za'a sani.

Babban binciken da akayi a Najeriya a 2018, NAIIS, ya nuna cikin 'yan shekara 15 zuwa 49 mata kashi 1.9 ne ke ɗauke da ita, maza kashi 0.9, wato ninki biyu. A duniya ma lissafin UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da kanjamau, na 2023 mutum miliyan 39.9 ne ke rayuwa da ita, kashi 53 mata ne da 'yan mata, kuma duk sati 'yan mata kusan 4,000 masu shekara 15 zuwa 24 ke kamuwa, 3,100 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Wani ɓangare halitta ne, jikin mace ya fi saurin karɓa musamman yarinyar da bata gama girma ba ko mai fama da ciwon sanyi. Amma babban ɓangaren mu muka haɗa shi da hannunmu, yarinya 'yar 17 a hannun mai 45 da ya yi aure-aure, bata isa ta tambaye shi takardar gwaji ba balle tace ya sa kwaroron roba.

Abu ɗaya da bai min daɗi ba a labarin nan shine "koma ki taho da mijinki" kawai. Ba haka aka koya mana ba. Sai an zaunar da ita an tambaya, yana duka? In kin faɗa masa me kike tsoro? Sannan a bata zaɓi, ko ta faɗa da kanta, ko ta kawo shi a faɗa masa gaban ma'aikaci, ko a gayyato shi da sunan lafiyar ciki a gwada su tare. Sai dai in kina da mata 80 a layi ku biyu ne a bakin aiki, wannan zaman shi ake fara tsallakewa.

Abu_Mus'ab

Allah ya bata lafiya ya sauke ta lafiya. Yayanki bai kyauta ba, tona asirin iyali ba ɗabi'ar musulmi bace kuma ya kamata manya su sa shi gaba yaje ayi gwajin nan.

Amma Malama Ungozoma ina da ja kaɗan. Duk sanda aka taso da maganar nan sai a maida namiji kamar shine cutar. Mu ma fa mutuwa muke, kuma ke da kanki kin faɗa tsarin asibitin gaba ɗaya mata da yara aka gina wa, ina ɗakin awon maza? Ɗan kasuwar Barci ko mai tuƙa keke zai bar neman abincin rana yaje ya zauna a benci cikin mata tun safe har azahar? Su kansu UNAIDS sun ce a 2023 mata masu cutar kashi 83 na kan magani, maza kashi 72, to wa aka bari a baya kenan. Na biyu ni ina ɗari-ɗari da kalmar nan ta haƙƙin mata in ta fito daga bakin Turawa, dan sau da yawa akwai abin da ake cusowa a ƙarƙashinta da bai dace da addininmu ba. Musulunci ya riga ya ba mace haƙƙinta, ya haramta cutarwa, in da muna bi da ba'a kai nan ba. Ni a ganina mafita gwaji kafin aure ne, Kano sun mai da shi doka a 2024, liman kar ya ɗaura sai ya ga takarda, shikenan an kashe maganar.

Maman_Biyu

Slm. Ban cika magana a nan ba amma wannan dole in sa baki dan ni ina cikin masu shan maganin, shekaru da dama kenan, kuma 'ya'yana biyu na haifa bayan na sani duk basu da ita alhamdulillah, babban har ya shiga firamare.

Malam Abu Mus'ab gwaji kafin aure abu ne mai kyau amma bai kashe maganar ba. Ni da takarda aka ɗaura min aure, fes. Bayan nan aka yi min kishiya ba wanda ya nemi takardar kowa, aka sake ta aka kawo wata. Takarda ta ranar ɗaurin aure ce, zaman kuma na shekaru ne, kuma kai ma ka san akwai masu zuwa da takardar da ko jininsu ba'a gani ba. Sannan in an gwada kafin auren aka samu matsala wa ake yayatawa a unguwa? Namiji zai koma wata unguwar ya nemi wata, yarinyar kuwa ta gama aure a garin. Maganarka ta cewa maza basa samun kulawa gaskiya ce ban musa ba, mijina sai da ya kwanta ya kasa tashi sannan ya yarda, da kyar aka ceto shi. Amma ka lura, ƙin zuwan nasa ni na fara biya, ni aka kira 'yar iska a tsakar gida, an bar jaki ana dukan taiki.

Ummu Hanan bari in faɗa miki irin rayuwar da matar yayanki zata shiga dan ki san inda zaki taimaka. Robar maganin nan tana da ƙara in ƙwayoyin na motsi a jaka, da yawanmu auduga muke cusawa a ciki ko mu juye a wata robar mu kankare takardar jiki, duk da ma'aikata na hana mu juyewa. Akwai wadda na sani daga Rigasa take tsallake duk asibitocin da ke kusa ta tafi har Zariya karɓar magani dan kar ta haɗu da idon sani, ki lissafa kuɗin mota, kuma sai ta nemi izinin fita, kuma sai ta ƙirƙiro dalili. Ranar da miji yace ba inda zaki, ko ba kuɗin mota, maganin ya yanke kenan, sai a rubuta a fayil wai bata bin ƙa'ida. Wata da niƙabi take zuwa ba dan ta saba sawa ba. A haihuwata ta fari a wani asibiti an rubuta min alama da jan biro ɓaro-ɓaro a bayan fayil, mai shara ma ta gane, aka bar ni a gadon ƙarshe ina ta kira. Ta biyu kuwa a wani wurin wata nas ta riƙe hannuna har na sauka, dan haka ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Kin tambaya ko surutun duniya na isowa gare mu. Wani yana isowa, amma wanda mata irina suka yi da bakinsu ne ya fi isowa. Misali maganin nan da muke sha yanzu, akwai sinadarin dolutegravir a ciki, ya fi na da sauƙi sosai, na da har mafarkai yake sa mu da jiri. A 2018 wani bincike a Botswana ya nuna kamar yana iya taɓa lakar jariri in an ɗau ciki ana shansa, nan take ƙasashe da yawa suka ce a ba maza, matan da ke shekarun haihuwa kuwa a bar su a tsohon. Ba wanda ya tambaye mu. Sai mata masu HIV daga ƙasashen Afirka suka haɗu a Kigali a shekarar suka ce ku faɗa mana haɗarin ku bamu tsarin iyali ga mai so, mu zamu zaɓa, ba duk mace ce ke neman ciki ba. Da aka ci gaba da bincike haɗarin ya zama bai kai yadda aka zata ba, a 2019 WHO tace a ba kowa har masu ciki. To kinga ƙwayar da za'a ba matar yayanki ma sai da aka yi wannan faɗan. A taron ƙungiyarmu aka bamu labarin, kuma a nan na ji na Gugu Dlamini ta Afirka ta Kudu da mutanen unguwarsu suka kashe a 1998 dan kawai ta fito ta faɗa tana da ita.

Ki nema mata ƙungiyar mata masu shan magani a inda take karɓa, akwai ASWHAN ta mata zalla akwai NEPWHAN ta kowa da kowa. Ranar da na fara zama cikin mata irina na ga wata tana ba jaririnta nono tana dariya ranar na fara cin abinci da kyau. Kuma ki faɗa mata in ta riƙe magani har gwajin jini ya nuna ƙwayar cutar ta kwanta ba'a ganinta, bata sa wa miji ta hanyar kwanciya, wannan an tabbatar da shi ba lallashi bane.

Ummu_Hanan

Allah sarki Maman Biyu, wlh sai da nayi hawaye. Na gode ƙwarai. Maganin yana wajenta ashe, ta fara sha ta daina da aka fara rigimar, na je na same ta ta koma kai. Saura maganar korar, dan jiya ma an sake tada ita.

Barista_Z

Ummu Hanan a kan doka, zan faɗa miki abin da ke akwai da kuma iyakarsa, dan bana son in ɗora ki a kan abin da ba zai ɗauke ki ba.

Akwai dokar tarayya ta hana nuna wa masu HIV wariya ta 2014, wadda Jonathan ya sa wa hannu. Ta hana a kori mutum daga aiki ko makaranta ko a ƙi duba shi a asibiti saboda yana da cutar, ta hana a tilasta gwaji kafin ɗaukar aiki, ta kuma kare sirrin sakamako. Kafin ita sai da wata ma'aikaciyar jinya a Legas, Georgina Ahamefule, ta sha wuya, an kore ta daga aiki a 1995 tana da ciki bayan an gwada ta ba da saninta ba, da ta kai ƙara har hana ta shiga kotun aka yi wai kar ta shafa wa mutane, sai 2012 ta yi nasara aka ce a biya ta naira miliyan 7. Sannan akwai dokar hana cin zarafin mutane, VAPP, ta 2015 da ta sa korar mata daga gida da ƙarfi da cin zarafi da baki da watsar da iyali ba ci ba sha cikin laifuka, Kaduna ta yi tata a 2018. A matakin Afirka kuma akwai yarjejeniyar Maputo ta 2003 da Najeriya ta amince da ita, sashe na 14 ya ambaci HIV ƙarara, yace mace na da haƙƙin kare kanta da kuma sanin matsayin lafiyar abokin zamanta. Irin waɗannan ne matan wasu ƙasashe suka riƙe suka je kotu, a Namibiya kotun ƙoli a 2014 ta ba wasu mata 3 masu HIV gaskiya bayan an juya musu mahaifa a asibitin gwamnati ba da cikakkiyar yardarsu ba, an miƙo musu takarda suna tsakiyar naƙuda. Kenya ma an yi irin hukuncin a 2022.

Iyakar kuma ita ce, ba dokar da zata hana yayanki saki in ya yi niyya, kuma ba wadda zata ɗaure shi a kai shi gwaji. A irin gidajenmu abin da ya fi saurin aiki shine wanda Malam Abu Mus'ab ya taɓo, sai dai ni zan ce a fito da shi a aikace ba a baki ba. Mai ciki ko an sake ta iddarta sai ta haihu, kuma Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗa a sarari kar a fitar da su daga gidajensu, a ciyar da masu ciki har su sauke. To wurin zama da ci da kuɗin asibiti suna wuyansa, bayan haihuwa ga shayarwa ga kula da ɗan, kotun shari'a zata tilasta wannan in an kai. Ki samu wani babba da Hajiya ke jin nauyinsa, kawu ko limamin unguwa mai hankali da riƙon sirri, a karanta mata wannan. Waliyyinta ma ya sani tun yanzu, kar su ji a bakin duniya. In abin ya kai ga duka ko jefo kaya waje, akwai FIDA ta lauyoyi mata, akwai Legal Aid masu ba marasa hali lauya kyauta, akwai cibiyoyin Salama da jiha ta buɗe a Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan dan waɗanda aka ci wa zarafi. Ta adana katin awonta da duk wani saƙon waya na barazana.

Dan_Kakuri

Ni ta ɓangaren kuɗi zan shigo dan na yi aiki da masu bin gida-gida. Yawancin maganin nan da gwaje-gwajen kuɗin waje ne, PEPFAR ta Amurka da aka kafa a 2003 da Global Fund ta 2002. Da Trump ya dakatar da tallafin waje a Janairun 2025 an dawo an ce maganin masu shan magani zai ci gaba, gwamnatin tarayya ma ta ware ƙarin dala miliyan 200 ga lafiya a kasafin shekarar, to ƙwaya dai bata ɓace ba. Amma ku tambayi su Maman Biyu su wa aka fara sallama. Matan nan ne masu cutar da ake ba ɗan alawus su bi mai cikin da ta daina zuwa, su kira ta a waya, su raka ta, su zauna da miji in ya yarda. Aikin da zai hana matar yayan Ummu Hanan ajiye magani kenan da a ce akwai mai binta, kuma shi ake gani kamar ƙari ne in kuɗi ya yi kaɗan. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa a duniya, alhali Botswana da cutar ta fi yi wa yawa nesa ba kusa ba ta sauko da nata har WHO ta karrama ta a 2021, kuma ba wani magani na daban suke da shi ba, matansu ne ke zuwa awo ana kuma riƙe su.

Labari mai daɗi kuma shine rigakafin da mace zata riƙe a hannunta. PrEP na ƙwaya an daɗe da shi, wanda bashi da cutar ke sha kullum, sai dai ina matar aure zata ɓoye robar ƙwaya a ɗaki ɗaya da miji? Shi yasa allurar lenacapavir ta tada ƙura, sau 2 a shekara kawai. An gwada ta a kan 'yan mata da matasan mata sama da 5,000 a Afirka ta Kudu da Uganda, sakamakon ya fito a 2024, cikin sama da 2,000 da aka yi wa allurar ba ko ɗaya da ta kamu. Amurka ta amince da ita a Yunin 2025, WHO ta biyo a Yuli, kuma an yi yarjejeniyar kamfanonin Indiya su yi mai araha wajen dala 40 a shekara daga 2027. In ta wadata, uwargidan da aka yi wa amarya ba gwaji tana da abin yi ba sai addu'a kaɗai ba.

Abu_Mus'ab

Barista na gamsu da bayaninki, haka ya kamata a riƙa kawo wa mutane. Amma Dan Kakuri tsaya, kana nufin matata ta je a yi mata allura wata shida-shida ban sani ba? Wannan ai zargi ne, kuma shi zai rusa gidan tun kafin cutar ta zo.

Ungozoma_KD

Malam in kai ka ɗauko ta kuka zo tare aka gwada ku, kuma duk sanda zaka ƙara aure ka sake kawo kowa, me zai kai ta yin allura a ɓoye? Wadda ke zuwa mana a ɓoye ita ce wadda ta roƙa aka ce mata rashin kunya take. Babbar mace ce mai hankalinta, in ta zo ta nema zamu gwada ta mu bata abin da muke da shi a hannu, wanda yanzu ƙwayar ce ta fi samuwa. Kuma tunda ka kawo ƙorafin benci da layi, akwai abin gwajin kai da ake saidawa a manyan kemis, na goga wa a dasashi, minti 20 ka gani a ɗakinka, in ya nuna wani abu sai kazo a tabbatar. Ummu Hanan wannan ma ki gwada kai wa yayan naki ta hannun abokinsa, wasu allurar da idon mutane suke gudu ba sakamakon ba.